Duwatsu Uku, Yini Ɗaya

Tun Fabrairu na fara,
a benenmu na Bradford mai hawa goma sha ɗaya.
Lif na aiki lafiya lau, na juya masa baya.
Gwangwanin wake shida a jakar goyo,
in hau, in sauko, in sake,
gwiwar hagu na kuka kamar ƙyauren da ya manta da mai.
Bernadette ta leƙo da kofin shayi a hannu:
"Glenys, wai wa ya aike ki?"
Na buɗe baki, numfashi ya ƙi ba ni aron amsa.

Shekara talatin ina dafa wa yaran makaranta.
Tsayuwa na sani, tafiya ce baƙuwata.
Sabon takalmi ya ci dunduniyata mako uku
kafin muka yi sulhu.

Asabar, ƙarshen Yuni, shida na safe a Horton.
Mil ashirin da huɗu, awa goma sha biyu.
Ƙanena Alwyn na gaba da sanda da taswira,
yana fito kamar mai zuwa sayen jarida.

Pen-y-ghent muka hau da hannu da ƙafa.
Wata tunkiya ta bar kiwo ta dube ni,
kallon da nake wa yaron da ya zo karɓar abinci sau biyu.
A ƙoli na ɗaga hannu sama.
Alwyn ya ce, "Sauke, da sauran rina a kaba."

Sai doguwar tafiyar da ba wanda ke ba da labarinta:
taɓo, katangar dutse, ƙofa, taɓo,
safa ta jiƙe, hira ta ƙare.
Ƙarƙashin babbar gadar jirgin ƙasa
muka sha shayi a tsaye, don wanda ya zauna ya zaunu.
Whernside ba ya faɗa, jan rai yake,
ka ce ga kansa, ya miƙo maka kafaɗa.
Iska ta ƙwace hulata ta kai wa wata gunduma.

A gangara ne dutse ya karɓi kuɗinsa.
Ƙafar Alwyn ta gurɗe, mai fito ya yi shiru.
Bakin titi ya miƙo mini sanda da rabin burodinsa:
"Je ki. Kada ki tsaya kallona."

Ingleborough ya miƙe a gabana kamar bango.
Ban dubi samansa ba.
Na ce hawa sha ɗaya ne, Glenys,
sai wani sha ɗaya, sai wani,
ga ƙofar Bernadette, ga warin fentin hawa na bakwai.
Haka na ɗauki benenmu na jingina da dutsen
har ya ƙare.

A sama hazo ya shafe duniya.
Wani dogon saurayi mai rigar masu tsaron hanya
ya duba lambata, ya dubi fuskata:
"Ba ke ce ke ƙara mini dankali ran Alhamis ba?"
Ban gane shi ba. Ɗari nawa suka wuce gaban tukunyata?
Ya tsiyaya mini shayi a murfin gorarsa,
ya cika shi har ya zuba.

Allon hanya ya ce saura mil biyu.
Ƙarya yake, na yafe masa.

Awa goma sha biyu da minti goma sha tara.
Mai agogo ya rubuta, bai ce komai ba.
Alwyn na cikin mota, ƙafa bisa ledar ƙanƙara,
yana tafi da takalminsa ɗaya.

Ran Litinin na tsaya gaban lif,
na danna, na shiga, ban ji kunyar kowa ba.
Da dare na buɗe gwangwani ɗaya daga shidan.
Sauran biyar na bar su a jaka.